Sittin Cikin Ɗari

Ranar Lahadin da Dattijo Timothy ya rasu, tun kafin a kai gawarsa asibiti a ajiye, Unguwar Boro ta riga ta yanke hukunci: kashe shi aka yi, kuma an san wadda ta kashe shi. Haka mutanen layin nan suke. Ka ba su rabin labari da safe, kafin rana ta take sun ƙarasa maka sauran, har da sunan wanda ya gani da idonsa.

Abin da aka tabbatar kaɗan ne. Dattijon ya daɗe yana fama da ƙirji, gadon ƙurar audugar da ya shaƙa shekarun da ya yi yana aiki a masaƙa. Tun bara ba ya iya numfashi sai da injin iska, wani farin akwati mai gurnani da ke tura masa oksijin ta siririn tiyo zuwa hanci. In an ɗauke wuta, kuma kullum sai an ɗauke, injin yana komawa kan wani babban batir da ɗansa Godwin ya saya, mai ɗan gilashi a goshi da ke nuna saura nawa. Safiyar nan babu wuta. Godwin ya duba kafin ya fita coci, ya ga sittin cikin ɗari, abin da ya isa ya riƙe injin har yamma. Ya bar mahaifinsa a hannun Faith, matar marigayi yayansa Tony, wadda kowa ke kira Maman Precious. Fasto bai gama wa'azi ba aka zo aka kira shi. Batir ya mutu murus, inji ya yi shiru, dattijo ya cika.

Godwin ma'aikacin gwamnati ne, mutum mai tsari, irin wanda ke goge takalmi ko da taɓo zai shiga. Bai yi kuka a gaban mutane ba. Ya tsaya a tsakar gida ya faɗa sau ɗaya, a hankali, cewa sittin ba ta ƙarewa tsakanin fitarsa da wa'azin fasto sai in wani ya jona wani abu ya shanye cajin da gangan. Daga nan mata suka karɓe zancen. Wata ta tuna ta ga dutsen guga a falo. Wata ta ce ko mala'ika ce sai ta gaji da jinyar tsoho. Wata ta rage murya ta ce rabin gidan nan fa na marigayi Tony ne, kuma ba a raba gado mai gida yana numfashi. Ita Faith cewa ta yi tana can bayan gidan a bakin rijiya tana wanki, ba ta ji ƙarar da injin ke yi in zai tsaya ba. Babu wanda ya yarda.

Godwin ya ce da zarar dangi sun iso daga Mangu zai miƙa ta hannun 'yan sanda, kuma ba za ta taka bakin kabarin mahaifinsa ba. Mai unguwa ya roƙi a dakata har dangin su zo, sannan ya aika aka kira Baba Matthew.

Baba Matthew maharbi ne tun yana saurayi a duwatsun Kagoro, daga baya ya yi gadin daji har ya yi ritaya. Yanzu in akuya ta ɓace ko janareta ya yi ƙafa, shi ake nema. Kansa a sunkuye yake tafiya, har baƙi su ɗauka kunya ce ko girman kai, alhali ƙasa yake karantawa. Ba shi da saurin yarda da mutum, kuma hawaye ba sa burge shi, don ya sha ganin ɓarawo a sahun gaba na masu taya cigiya. Dattijo Timothy abokinsa ne na hira, abin ya taɓa shi ƙwarai, amma bai bari kowa ya gani ba.

*

Bai shiga ɗakin mamaci ba tukuna. Ya ce ɗaki ba ya gudu, amma ƙasa tana bushewa. An yi ruwa daren Asabar, bayan gidan ya yi laushi, kuma masu zuwa ta'aziyya duk ta ƙofar gaba suka tattake.

Ƙarƙashin tagar ɗakin dattijo ya tarar da sawun silifas na namiji, dunduniyar hagu ta cinye ta waje. Mai sawun ya tsaya a nan na ɗan lokaci, ya yi ɗage, don yatsun sun nutse. Gefe guda akwai dogon layi a taɓo, na wayar wuta da aka ja. Baba Matthew ya tsuguna ya tsinci wasu guntayen gashi baƙaƙe, gajeru, irin waɗanda ba sa zuba daga kai don kansu sai an aske su. Bai ma wahalar da kansa da bin sawun ba. Shagon aski ɗaya ne a bayan layin, na Sam.

Sam ya fara da rantsuwa cewa rabonsa da bayan gidan nan tun Kirsimeti. Baba Matthew ya dai zauna a benci yana kallon silifas ɗinsa na hagu, har Sam ya ji ƙafar ta yi masa nauyi ya ɓoye ta bayan ta dama. Sai gaskiya ta fito a guntu-guntu. Layin wutar shagonsa daban yake da na gidan dattijo. In an ɗauke nasa aka bar nasu, dattijo yakan bar shi ya zura waya ta taga ya jona a bango, shi kuma ya yi masa aski kyauta, ba da sanin Godwin ba. Ranar Lahadi ya zo, ya tarar su ma babu wuta, ya naɗe wayarsa ya koma.

"Batirin kam ban taɓa shi ba, Baba," in ji Sam. "Kowa ya san batirin Oga Godwin ne. Ko ƙuda bai isa ya sauka a kai ba."

Da aka tambaye shi abin da ya gani, ya ce dattijo na zaune a kujerarsa da ransa, inji na gurnani kamar kullum. Sannan ya ƙara da cewa ya leƙa bakin rijiya don ya gaida Maman Precious, ya ga bahon wanki da kaya a jiƙe, amma babu kowa a wurin. Baba Matthew ya lura cewa wannan maganar ta fito wa Sam da sauƙi fiye da sauran, kamar yadda magana ke fitowa da sauƙi in za ta kawar da ido daga kan mai yin ta. Bai yarda da shi ba, bai kuma ƙaryata shi ba.

*

Sawun Faith bai yi wuyar samu ba. Ya fita daga ƙofar baya, ya ratsa 'yar gonar masarar da ke bayan katanga, ya tsallake kwata, ya gangara ƙasan unguwa ta hanyar da matar coci ba ta cika bi ba ranar Lahadi. Ya tsaya a dangar Mama Christy, mai dafa burkutu.

Mama Christy ta ce ita ba ta kallon fuskar masu zuwa, ƙoƙonsu take kallo. Baba Matthew ya ce ya gode, ai ba tambaya ya zo yi ba.

Sawun dawowa ne ya fi tsayar da shi. Taku ne na natsuwa, ba ja da baya, ba waiwaye. A gefen kwata ma ta ratse ta tsinki yakuwa, ga karayar ganyen nan sabuwa. Ta shiga gida. Sannan ga wani sawun nata ya sake fitowa, wannan karon da gudu, babu takalmi a ƙafa ɗaya, ya shiga cikin masara ya juyo ya nufi gidan maƙwabta. Inda ya juya, Baba Matthew ya tura hannu cikin ciyawa ya zaro wata ƙaramar gorar roba da tururuwa suka yanyame bakinta. Bai buƙaci buɗewa ba, wari ya gaya masa.

Ya same ta a kicin, zaune a kan turmi, ita kaɗai. Gidan cike yake da masu ta'aziyya amma babu wadda ta leƙo ta ce mata sannu. Ya ja ƙofa, ya ajiye gorar a gabanta. Ta kalle ta, ta rufe fuska da gefen zani.

Da ta iya magana, ta gaya masa cewa tunda ciwon ya yi tsanani abinci ya daina yi wa dattijo daɗi. Wani lokaci, in gida ya watse ranar Lahadi, yakan kira ta ya ce, 'yata, ɗan abin jiƙa maƙogwaro, irin wanda ya sha a ƙauye yana saurayi kafin ya tuba. Ba ya wuce kurɓi biyu, sauran ta zubar a kwata. Ranar nan ma haka ya roƙe ta. Ta duba gilashin batir kafin ta fita, ta ga bai yi nisa da sittin ba, ta tafi hankalinta kwance. Ta dawo ta tarar da shi kansa ya langaɓe a kujera.

Baba Matthew ya ce mata in ta faɗi wannan a gaban mutane, ko ba komai za a san inda take.

"Baba, mutumin nan dattijon ikilisiya ne," ta ce. "Shi ke tsayawa a gaba yana raba gurasar jibin Ubangiji a coci. In na buɗe baki, ba za a tuna da wannan ba, gorar nan za a tuna. Gara su ce ni."

Ya sa gorar a aljihun babbar rigarsa ya fita. Tausayinta ya kama shi, kuma bai ji daɗin hakan ba, don ya san tausayi yana rufe ido. Ƙafa ta nuna masa cewa matar nan ba ta dawo kamar mai tsammanin gawa ba. Amma ƙafa ba ta faɗin abin da hannu ya yi kafin a fita.

*

Sai a sannan ya shiga ɗakin. Godwin ya buɗe masa da kansa, ya tsaya a bakin ƙofa, hannu a harɗe, yana cewa ba a taɓa komai ba.

Batirin yana da bakuna huɗu na jona kaya. Ɗaya na riƙe da filogin injin iska. Baba Matthew ya kwanta rub da ciki a ƙasa, duk da gwiwoyinsa ba su so ba, ya haska sauran ukun da tocila. Ƙura ta kwanta a cikinsu lumui, biyu ma har da saƙar gizo-gizo a ramukan, tsohuwa, ba ta tsinke ba. Babu dutsen gugar da ya shiga nan, babu wayar Sam. Ba wanda ya shanye cajin. Wannan ya rikita shi fiye da yadda ya sauƙaƙa masa, don in babu ɓarawo, ina kayan suka tafi?

Yana ƙoƙarin tashi ne idonsa ya faɗa kan lungun bayan ƙofa, inda wayar cajin batirin ke shiga soket ɗin bango. Ledar ɗaki a wurin ta koɗe a zagaye, faɗin tafin hannu, ta lotsa, furannin jikinta sun goge. Sama da wurin, a jikin bango, fenti ya yi duhu da siffar hannu babba, na hagu, da 'yan karce-karce inda zobe ke gogar fenti. Makunnin soket ɗin kansa ya yi sumul saboda taɓawa. Wani yana zuwa nan ya dafa bango, ya sa gwiwa ɗaya a ƙasa, ya kashe cajin. Ba sawun Lahadi ba ne wannan. Sawun watanni ne, na mutum ɗaya, sau da yawa a rana.

Ya miƙe yana kakkaɓe riga, ya kalli Godwin daga ƙasa zuwa sama yadda ya saba kallon kowa. Gwiwar wandonsa ta dama ta fi ta hagu sheƙi, kuma akwai zobe a hannunsa na hagu. Baba Matthew bai san me wannan ke nufi ba, don bai ga laifi a mutum ya kashe soket a gidan ubansa ba. Ya dai tambaya a ina aka sayi batirin. Godwin ya ce a Gonin Gora, wurin wata Hadassah, guda biyu iri ɗaya a rana ɗaya, ɗayan yana ɗakinsa yana ja masa fanka da talabijin.

*

Shagon Hadassah yana bakin titin Abuja, tsakanin mai facin taya da masu gasa masara. Ta riga ta ji labarin rasuwar, kuma da jin sunan Godwin ta ɗaure fuska ta ce ita ba ta sayar da jabu, duk mai shakka ya kawo kaya a auna. Baba Matthew ya ce ba wannan ya kawo shi ba. Ya tambaye ta me zai sa mutum ya riƙa kashe cajin batir kullum kafin ya cika.

Fuskarta ta saki kaɗan. Ta ce ai masu kula ne ke yin haka. Irin wannan batirin, in ana tsayar da shi wajen tamanin ba a cika shi taf kullum, ya fi daɗewa, wannan gaskiya ce. Sai wani tunani ya faɗo mata. Ta tambaya ko ana barinsa ya cika wani lokaci. Ya ce shi ma abin da ya zo ji ke nan, me zai faru in ba a bari.

"Lambar nan ba gani take yi ba, Baba, lissafi take yi," ta ce. "Kamar mace ce mai ɗibar masara a buhu ba ta leƙawa. Ta ce na zuba kaza, na ɗebi kaza, saura kaza. Kuskuren kullum kaɗan ne, amma taruwa yake yi. Sai ranar da aka cika buhun har baki take sanin gaskiya ta gyara lissafinta. Wanda ba a taɓa bari ya cika ba, zai iya ce maka sittin alhali ƙasan buhu ake karta."

Ya tambaye ta ko ta gaya wa Godwin haka ranar da ya saya. Ta ce tana gaya wa kowa, tana faɗa tana jera wasu wayoyi da ba su buƙaci jerawa ba. Ya bar zancen a nan. Abin da ya dame shi shi ne yadda zai nuna wa mutanen da suka riga suka yanke hukunci, don maganar buhu ba za ta ƙwaci kowa daga hannun 'yan sanda ba. Hadassah ta ce batirin dattijo ba zai maimaita ba, tunda ya taɓa ƙasa ya gane kuskurensa. Sai dai in akwai wani da aka riƙe shi haka. Ko shi ma, ta ce, ba za ta rantse ba, zai iya yi, zai iya ƙi.

*

Dangi sun iso daga Mangu, aka taru a falo da rana: mai unguwa, fasto, kawun marigayi da sandarsa, matan layi a bakin ƙofa da tagogi, Sam a lungu yana zufa, Hadassah da jakar kayan aikinta. An zaunar da Faith a ƙasa a tsakiya, kamar an riga an gama.

Baba Matthew ya roƙi Godwin ya ɗauko batirin ɗakinsa, ya ce yana so jama'a su ga yadda injin ke aiki. Godwin ya kawo shi a rungume, ya ajiye a hankali, ya goge samansa da hankici. Gilashin ya nuna sittin da 'yan kai. Aka jona injin iska. Da gurnanin ya tashi, wasu mata suka fashe da kuka, don sautin gidan ke nan lokacin da mai gidan yana nan. Tiyon yana kwance a hannun kujerar da babu kowa, yana huci.

Sai Baba Matthew ya fara bayani, a hankali fiye da yadda kowa ya san shi. Ya faɗi zancen sawun taga da wayar Sam, Godwin ya watsa wa Sam harara. Ya faɗi zancen ƙura da saƙar gizo-gizo, ya sa mai unguwa da fasto suka je suka haska da idonsu suka dawo. Matar da ta ga dutsen guga ta ce ita dai ta ga abin da ta gani. Kawu ya buga sanda ya ce in babu hannun da ya taɓa, to akwai abin da ya fi hannu, kuma a ƙauyensu sun san sunan wannan. Kowa ya sake kallon Faith, kallon ma ya fi na da muni.

Baba Matthew ya saci kallon gilashin. Lambar tana sauka ɗaya-ɗaya, lafiya lau, kamar batir mai gaskiya. Zance ya ƙare masa, saura na gorar da ke aljihunsa, wadda yake jin nauyinta a cinya. Tsoro ya kama shi sosai, tsoron cewa ya tara mutane ne kawai don ya ƙara wa matar nan sunan mayya a kan na mai kisa.

Ya juya ga Godwin ya tambaye shi, kamar mai neman a koya masa, wa ke kula da cajin batiran nan.

Godwin ya ce shi, shi kaɗai, bai yarda kowa ya taɓa ba. Ya ce ya yi bincike a waya tun kafin ya saya, ya san cika batir taf yana rage masa kwana. Tun ranar da suka shigo gidan nan bai taɓa bari ko ɗaya ya wuce tamanin ba. In wuta ta zo yana ofis, yakan kira gida ya ji lamba, wani lokaci har ya hau acaɓa ya zo ya kashe ya koma. Ya ce numfashin mahaifinsa ne a cikin akwatin nan, ba zai bari ya lalace a hannunsa ba. Mutane suka gyaɗa kai, fasto ya ce Allah ya ba kowa ɗa irin wannan.

Ba a daɗe ba, kawu na tsakiyar tambayar me ake jira kuma, injin ya yi wata siririyar ƙara mai tsawo ya tsaya. Waɗanda ke kusa sun gani da idonsu: lambar tana kan hamsin da biyu, ta faɗo kan sifili a tashi ɗaya, gilashin ya yi baƙi. Babu wanda ke kusa da shi da taku uku. Tiyon ya daina huci.

Hadassah ta miƙe ta yi bayanin buhu da lissafi, a taƙaice, ba ta kalli kowa ba. Godwin ya saurara har ƙarshe. Aka ga yana lalubar hannun kujera bai samu ba.

"Ke nan lalacewa suka yi?" ya tambaya. Kowa ya ji roƙo ne, ba tambaya ba.

"Ba su lalace ba, Oga," in ji Hadassah. "Na auna na mahaifinka ɗazu. Kamar sabo yake. Yadda ka riƙe shi, zai daɗe ƙwarai."

Godwin ya zame ya zauna a ƙasa.

Mai unguwa ya yi gyaran murya ya ce to, an gani, Maman Precious ba ta da laifi, kowa ya janye abin da ya faɗa. Ba wanda ya janye komai. Unguwar Boro ba ta iya zama hannu rabbana, in an ƙwace mata mai laifi sai ta nemi wani kafin shayi ya huce. Daga bakin taga aka fara. Matar dutsen guga ta ce ita dama ta daɗe da lura ya fi son akwatin nan a kan tsohon. Wata ta ce wane irin ɗa ne zai riƙa yi wa ubansa awon wuta. Kawu ya juya sandarsa ta fuskanci Godwin, ya ce wannan magana ce da za a kai gida a zauna a kanta, kuma kafin nan bai ga yadda za a bar shi ya zuba ƙasa a kabari ba.

Baba Matthew ya kalli Faith. An wanke ta tas, ba abin da ya rage mata sai ta yi shiru ta tashi da sunanta. Shi kansa da ido ya roƙe ta ta yi hakan.

Ta miƙe, ta gyara ɗaurin zaninta. Ta ce ƙarya ta yi, ba ta bakin rijiya ranar nan. Dattijo ne ya aike ta, ta duba lambar, ta yarda da ita, ta fita ta bar shi shi kaɗai. Da tana gida da ta ji ƙarar da kowa ya ji yanzu, da ta yi ihu an kawo janareta ko an sa shi a mota. Ta ce duk mai neman wanda zai hana zuwa kabari, to su biyu ne, a hana su tare.

Kawu ya tambaya ina aka aike ta. Ba ta amsa ba. Ya juya ga Baba Matthew.

"Na bi sawun, zuwa da dawowa," in ji Baba Matthew. "Sawun 'yar aike ne. Wanda ya yi aiken kuma ya tafi da saƙonsa."

Faith ta ratsa ta gaban kawu ta je inda Godwin yake zaune, kansa a tsakanin gwiwoyi. Ya ɗago yana ƙoƙarin haɗa wata magana, wataƙila ta neman gafara, bakinsa ya kasa. Ta miƙa masa hannu.

"Tashi, Godwin," ta ce. "Ni da kai muka yarda da lambar nan. Tashi mu je mu binne Baba."